Rijiyar Tangaran

Babana mahaƙin rijiya ne. Shekara arba'in da ɗoriya ya yi yana shiga cikin ƙasa da safe, ya fito da la'asar jikinsa fari fat ko ja wur, gwargwadon ƙasar da ya tarar ranar. Daga nan Dakoro zuwa ƙauyukan Rumbu da Mai Yara, har arewa wajen makiyayan Tagiris, an sha ruwan hannunsa. Ni ce babbar ƴarsa, kuma tun ina ƙarama aikina ɗaya ne in an kai ni bakin rijiya: riƙe madubi. Ƙasan rijiya duhu ne ko da rana tsaka, fitila kuwa tana cinye ɗan iskar da mutum ke shaƙa. Saboda haka sai wani ya tsaya a sama da madubi, ya tari rana ya jefa ta ƙasa. Hannunka na motsawa hasken ya gudu, sai ka ji tsawa ta taso daga rami. Na sha tsawar nan har na ƙoshi, shi ya sa yau da nake koyarwa a lakwal, wato makarantar boko, ba yaron da ke iya firgita ni da kuka.

Inna kuwa ƴar kawunsa ce, wato taubasai ne tun kafin a ɗaura musu aure, kuma auren bai kashe wasan ba. Ban taɓa jin ta yabe shi a gabansa ba, ko sau ɗaya. Ya kawo nama daga kasuwa ta ce ƙashi ne aka shafa wa ja. Ya ɗinka sabuwar riga ta tambaye shi wa ya ara masa. Sarkin Rami take ce masa, shi kuma ya ce mata baiwar gidansu. Babban makaminta shi ne wani faranti. A shekarar farko ta aurensu ya shigo ɗakinta da dagi a kafaɗa, ya juya zai amsa sallama, gindin dagin ya ɗauke farantin tangaran mafi kyau a jerenta, fari mai shuɗin fure. Mu da ba a haife mu ba lokacin mun san farantin nan kamar mun ci tuwo a cikinsa, don ba a yin wata guda ba a yi makokinsa ba.

Abin ya daina ba mu dariya shekarar da Baba ya suma cikin wata rijiya a wajen Mai Yara. Iskar ƙasan ce ta ɓaci. Allah ya sa ya ɗaura igiya a ƙugu, aka jawo shi kamar guga. A gidan likita suka ce ƙirjinsa ya gaji, ya bar sauka. Muka taru mu ƴaƴansa, muka roƙa, muka yi fushi, ni har da kuka, kuma ni ba mai arhar hawaye ba ce. Ya saurare mu tsaf, sannan ya ce ajali ko a kan gado yana tarar da mutum. Bayan kwana goma ya ɗauki igiyarsa ya fita. Tun daga ranar, duk safiyar da na ga igiyar ba ta rataye a zaure sai in yini ina leƙen ƙofa. Tsoro nake ji, tsoron wata rana a jawo igiyar a makare.

Ana cikin haka ƙanena ya dawo daga Aljeriya, inda ya yi shekara uku yana aikin gini, yana manna karo, wato tayil ɗin daɓe da bango, a gidajen mutane. Ya dawo da ƙiba, da jaka biyu, da wani sabon salon tsayuwa da hannu a aljihu wanda na yi alkawarin sai na cire masa. Da yamma muna tsakar gida ya fiddo salula ya ce mu zo mu ga abin mamaki. Wai tashar jirgi ce a ƙarƙashin ƙasa, metoro suke ce mata.

Gaskiya abin ya isa kallo. Matakala ce ke tafiya da kanta, mutane na tsaye tana sauka da su. Can ƙasa wuri ya buɗe fetal, ya fi masallacin unguwarmu faɗi, haske ko'ina ba ka ganin inda yake fitowa. Bangon kuwa duk an lulluɓe shi da ƙananan gutsattsarin karo, shuɗi da kore da ruwan zinariya, an jera su har sun zama jiragen ruwa da itatuwa. Ƙanena ya ce ɗaya bayan ɗaya aka manna su da hannu. Jirgi ya shigo, hasken fitilarsa ya bi bangon, zanen ya yi kamar yana motsi. Inna ta sa aka maimaita mata sau uku. Sannan ta miƙa salular, ta dubi Baba da ke gefe yana gyaran bakin dagi kamar ba ya ji.

“Ka gani ko, Sarkin Rami? Wasu in sun shiga ƙasa hwada suke ginawa. Nawa kuwa shekara arba'in, ban da taɓo ba abin da ya taɓa kawo mini.”

Muka yi dariya, don irin wannan a gidanmu kamar gaisuwa ce. Amma Baba bai rama ba. Ya karɓi salular ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana kallo.

“Wannan ado, mutum ya yi shi?” ya tambayi ƙanena.

“Mutum ne, Baba.”

“To ba aljani ba ne. Ni ma na san abin da ke cikin ƙasa, ku ne ba ku sani ba.” Ya ajiye dagin. “Ku ba ni rijiyar garka in yi mata nawa adon. In na gama da ita, uwarku ta duba. In ta buɗe baki ta ce tawa ta hi wannan, na rataye igiya, ba ni ƙara sauka.”

Na yi farat na ce mun ji, mun shaida. Sai da na kwanta na gane irin cinikin da na yi. Ran mahaifina na rataya a kan yabon Inna, matar da ko ruwa ya ba ta sai ta ce da ɗumi. Washegari na same ta a madafa na ce, Inna, don Allah ko me ya yi ki ce ya yi kyau. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ita ba ta shaidar zur, in ya yi kyau ta gani, in bai yi ba ta gani.

Rijiyar garka tsohuwa ce, a ɗan lambunmu na bayan gari, zurfinta gaba tara. Bazara ce, ruwa ya ja baya bai wuce gwiwa ba. Karo sabo ya fi ƙarfinmu, don haka aka ɗora mini neman fasassun tangaran. Na ɗauka abu ne mai sauƙi. Ashe a garin nan ba macen da farantinta ya taɓa fashewa. Gida bakwai na shiga, kowacce ta nuna mini jerenta tana cewa Allah ya kiyaye, alhali ina ganin wanda aka juya tsagaggen gefensa ya dubi bango. Sai wata tsohuwa ta ja ni gefe ta ce ban iya tambaya ba. Na canza baki, na riƙa cewa ko maƙwabciya ta taɓa jefo musu fasasshen faranti ta kan katanga. Nan da nan kaya suka fito. Kowacce ta ba ni cike da kwano tana tsaki, tana cewa ai mutanen gidan can ba su da hannu. Na haɗa da guntayen karo daga wuraren gini, da korayen kwalabe, da kofunan shayi, da fasassun madubin kabu-kabu da wani mai gyara ya tara mini.

Inna ba ta ba da ko ƙwaya ba. Ta ce jerenta ba na zubawa a rami ba ne. Amma ranar da za a fara aiki, muna zazzage buhu a garka, sai ga wani ɗan ƙulli na tsohon zane a ciki, wanda ban san da shi ba. Baba ya kwance. Gutsattsari ne farare masu shuɗin fure, a wanke tas, ba ko ƙura. Ya dube su, ya mayar ya ƙulle, ya sa a aljihu. Ni da ƙanena muka dubi juna, kowa ya kama aikin gabansa.

Mako uku suka yi, shi da ƙanena, suna sauka bi da bi don wurin ba ya ɗaukar mutum biyu da kwanon siminti. Ni kuma duk ranar da ba lakwal ina bakin rijiya da madubi, kamar ban girma ba. Faɗa kuwa ba a magana. Ƙanena yana son a ja zare a yi layi miƙaƙƙe kamar yadda ya koyo, Baba ya ce ƙasa ba ta san zare ba. Na ƙasa ya manna, na sama yana kushewa tun bai gani ba, in sun yi canji wannan ya ɓamɓare na wancan. Wata rana har ƙanena ya ce shi fa ya yi aiki a ƙasar waje. Baba ya ce shi kuma a ƙasar ciki ya yi nasa. Kullum in ya fito sai na ji numfashinsa na fita da ƙyar, in ƙirga kwanakin da suka rage a zuci.

Ranar kallo Lahadi ce da hantsi, lokacin da rana ta fi dacewa da madubi. Ban gayyaci kowa ba, amma duk matan da farantinsu bai taɓa fashewa ba sun zo ganin inda aka sa shi. Inna ta iso da mayafinta na biki, ta dafa bakin rijiyar ta leƙa. Na jefa haske. Ni ma na leƙa, sai a lokacin na lura da abin da riƙon madubi ya hana ni gani. Duk adon a can ƙasa suka yi shi, daidai tsayin mutum in yana tsaye a kan katakon da suka gitta bisa ruwa. Daga sama ba a ganin komai sai ɗan ƙyalli, kamar an yar da kwano a ciki.

“Ban ga komi ba,” in ji Inna.

Ƙanena ya soma bayani, wai ai can ma a daidai idon fasinja ake yi. Na ce ya rufe mini baki, wane fasinja ne a rijiya. Sannan na dubi Baba, na ga yana shafa gemu yana kallon sama. In ka ji makaho ya ce a yi wasan jifa, ya taka dutse. Tsohon nan ya san abin da ya yi tun ranar farko.

“To ai ita ma waccan ta salula sauka ake a gan ta,” ya ce a hankali. “Tunda ba ta gani ba, ba ta hwaɗi ba. Magana ta ƙare, ba wanda ya ci wani.”

Raina ya ɓaci ƙwarai. Inna ta daɗe tana dubansa. Sai ta cire mayafin bikin ta miƙa wa wata maƙwabciya, ta juya ga ƙanena.

“Kai, tahi bukka ka tuɓo mini wandon aikin nan naka.”

Mata suka ɗauki salati. Inna ta haura sittin, ko tsani ba ta taɓa hawa ba. Ta shiga bukkar garka ta fito da wando a ƙarƙashin zane, duk siminti ya bushe a gwiwoyinsa, ta ɗaure zanen tamau. Murmushin Baba ya ɗauke.

“Ke, bar wasan nan,” ya ce.

“Wa ya hwara shi?”

“Na ji, na janye. A bar maganar.”

“Ni ban janye ba. Ɗaura mini igiya, Sarkin Rami, ko ba ka iya ba?”

Ba yadda ya iya. Ya kunna fitila ya zura ta har ƙasa don ya gwada iskar, ya jawo ta tana ci. Ya sake zurawa, ko da yake ba a yin haka sau biyu. Ya ɗaura sandar da ake zama a kai, ya ɗaura mata wata igiyar a ƙugu, ya duba ƙullin, ya kwance ya sake. Ranar sai da ƙanena ya taya shi jan ƙullin. Maza huɗu suka kama igiya, har da maƙwabtan garka biyu, shi a gaba. Inna ta yi bisimilla, ta zura ƙafa, ta ce mini in na kuskura na kauda hasken nan sai ta ci mutuncina a gaban ɗalibaina.

Aka riƙa sakin igiya kaɗan-kaɗan. Ɗankwalinta ya yi ta ƙanƙancewa har igiyar ta yi sako-sako, alamar ta taka katako. Shiru. Can sai muryarta ta taso, ta yi kauri kamar daga cikin tulu: “Juya shi hagun.” Na juya. Shiru kuma.

Ni sai bayan mako guda na sauka, don haka zan iya faɗin abin da ta gani. Ba jirgin ruwa, ba itace. Baba ya jera ƙasar Dakoro ce kamar yadda ya san ta daga sama zuwa ƙasa. Zobe na farko ja ne, na guntayen karo, shi ne jan yashi. Ƙarƙashinsa fari, na tangaran, sai rawaya, sai baƙi-baƙi na gindin kwalba inda laka take. Ba wanda ya miƙe, kowanne yana hawa yana sauka. Daga nan sai kore da shuɗi har bakin ruwa. Ya watsa gutsattsarin madubi a tsakani, ta yadda in hasken sama ya faɗo kan ruwa sai ya tashi ya bi bango, wannan ya miƙa wa wancan, rijiyar duka ta kama kamar an kunna ta, inuwar ruwa na rawa a kan komai, har a tafin hannunka. A daidai inda hasken ke fara sauka kuma ya mayar da farantin nan, ya haɗa shi gutsure-gutsure, furensa ya koma wurinsa, saura wani ɗan gefe da ya ɓata.

Amma ranar ban san wannan ba. Shirun ne ya dame ni, kuma ina da son ganin ƙwaƙwaf, ban musa ba. Na ce bari in ɗan leƙa in ga abin da take yi. Ina sunkuyawa madubin ya karkace, rana ta kuɓuce mini. Rijiyar ta koma baƙi ƙirin.

Na daburce. Na juya madubi nan, na juya can, hasken ya hau bishiyar lemo, ya hau fuskar wata mata, ya ƙi komawa rami. Zufa ta sa yana zame mini. Na jira tsawa daga ƙasa, irin wadda na saba, ba ta zo ba. Ko tari ba mu ji ba. Sai na ji Baba ya kira Inna da sunanta na yanka, sunan da ban taɓa ji a bakinsa ba tunda aka haife ni. Ya kira sau biyu, ya durƙusa a bakin rijiyar da igiya naɗe a hannu. Duk abin bai fi a karanta Fatiha sau uku ba, amma na ga tsufan mahaifina a wannan ɗan lokaci. Da ƙyar na kamo ranar na jefa ta ƙasa.

“Ku ja,” in ji muryar Inna.

Ta fito da taɓo har idon sawu, ɗankwali ya zame. Aka zaunar da ita a gindin lemo, aka ba ta ruwa ta sha. Na matso ina jiran hukuncina, ko kallona ba ta yi ba. Baba yana tsaye, bai saki igiyar ba.

“Na ga hwarantina,” ta ce. “Ka manna shi a karkace.”

Wasu suka yi dariya, ni ban iya ba. Ta sake kurɓar ruwa, ta ɗago ta dube shi.

“Da hasken nan ya tahi. Haka rijiya take?”

“Haka take.”

“Kullum?”

“In mai madubi ya yi ƙyuya, ko girgije ya gitta.”

“Kai kaɗai a ciki.”

Ta dubi ƙafafunta, ta kankare taɓon da ɗan tsinke, ta daɗe tana yi kamar shi ne aikin da ya kawo ta.

“Taka ta hi,” ta ce. “Ta hi ta salula nesa ba kusa ba. Kowa ya ji na hwaɗa.”

Na zaci zai yi mata ba'a, don shekara arba'in yake jiran wannan rana. Sai ya sunkuya ya kwance igiyar daga ƙugunta, ya naɗe ta a gwiwar hannu yadda ya saba, zagaye bayan zagaye har ƙarshe, ya ajiye ta a gabanta.

“Ni ma yau na tsaya a sama,” ya ce. “Ban san haka kuke ji ba.”

Igiyar tana nan a tsakar gidanmu, daga zogale zuwa ƙusar bangon madafa. Inna ke shanya a kanta, kuma duk ranar wanki sai ta ce masa kaushinta na cinye mata zannuwa.